Huhun da Ya Zaga Duniya

Ka san yadda ake auna malamin jami'a a yau? Ana duba sau nawa wasu masana suka ambaci sunansa a cikin nasu rubutun. In da wannan ma'auni ne, Dakta Ɗahiru ya yi wa sa'anninsa na jami'ar da ke Kalgo nisa, kuma takardar bincike guda ce ta kai shi.

Shi likita ne mai karanta hoton ƙirji. Ya jagoranci wani aiki na ɗaukar hoton huhun matan karkarar Gwandu, waɗanda suka tsufa a bakin murhu suna shaƙar hayaƙin itace. A cikin hotunan akwai na wata dattijuwa daga wata ruga kusa da Dalijan, wadda ta zo ranar da ba ya nan. Huhunta ya yi baƙi, amma a gefen dama akwai ɗan tabo kamar ƙwayar gujiya: ciwon daji ne tun yana ƙarami. Ɗahiru ya bayyana yadda ake gane irinsa a cikin huhun da hayaƙi ya rine, aka cire sunanta, aka buga da izinin yayanta, Malam Jibrin.

Daga nan sai ambato ya fara zuba. Indiya, Masar, Brazil. Duk wanda ya ambace shi, sai wayarsa ta yi ɗan ƙara.

Ita kuwa mai huhun, Jummai, ta ƙi zuwa Sakkwato a gasa mata tabon da na'ura. Gashin kuwa shi ne mafita, kuma yana da lokaci. In tabon ya yaɗu, shi ke nan.

Kowace Asabar sai Ɗahiru ya kama hanyar Gwandu.

"Kai da tsohuwar nan," in ji Dakta Surayya, abokiyar aikinsa, tana dariya. "Lafiyarta kake bi, ko takarda ta biyu? Kafin gashi, bayan gashi. Ai sai farfesa."

Ya ɗauki makullin mota.

A rugar, a bakin ƙofa yake tsugunawa, ya cire takalmi.

"Adda, ina wuni? Ya jiki?"

Jummai takan juya fuska wajen ƙoren nono. Ba ta taɓa kallonsa ba, ba ta taɓa amsa masa kai tsaye ba. Da yayanta take magana.

"Jibrin, ka ce ma wancan na ji sauƙi."

Sai tari ya sarƙe ta, ta toshe baki da gefen zane har ya lafa.

Ranar da Malam Jibrin ya matsa mata, ta faɗi abin da ke ranta, murya ƙasa-ƙasa.

"An ce ya ga cikin ƙirjina. An ce ya nuna ma duniya. Yanzu kuma in kwanta, a yaye min zane, yana tsaye? Mi ya yi zafi?"

"Ba zan shiga ba, Adda," in ji Ɗahiru. "Mace za ta yi miki. Ko harabar asibitin ba zan taka ba."

"Ka ce mai, in na tafi, motarshi za ta ɗauke ni. Gidanshi zan kwana. Shi zai ji nishina. Ban iyawa."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Wani a Turkiyya ya ambace shi.

Ya turo mata nas, ta karɓe ta da fura ta sallame ta. Ya roƙi limamin Dalijan, ya yi mata nasiha, ta ce a bari a gama shuka. Aka gama, ta ce a bari shanu su dawo daga mashekari, wajen kiwon damina. Ɗahiru ya san lissafin da ke gudana a ƙirjinta fiye da kowa a ƙasar nan, shi ya koya wa wasu. A wani taro a Abuja aka haska hoton a jikin bango, ya tsaya yana nuna tabon da sanda, muryarsa ta ɗan karye, mutane suka ɗauka gajiya ce suka tafa masa.

Sai bayan girbi ta yarda, da sharaɗin a kai ta a motar haya. Likitar Sakkwato ta sake ɗaukar hoto, ta kira Ɗahiru a waya, ta daɗe tana gaisuwa. Bai bari ta ƙarasa ba. Ya ce ya gane.

Tabon ya riga ya yaɗu. Aka maido Jummai ruga. Ɗahiru ya ɗauki hutu, ya shimfiɗa tabarma a bayan bukkarta, inda zai ji numfashinta ita ba ta gan shi ba. Ranar ƙarshe, da hantsi, ya ji ta tana kiran yayanta.

"Jibrin."

"Na'am."

"Wancan ya ci abinci?"

Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Surayya ta zo ta'aziyya da wasu malamai, don an ce marar lafiyar Dakta ta rasu. Ta yi mamakin ganin dattawan ruga suna wuce Malam Jibrin, suna durƙusawa gaban Ɗahiru suna riƙe hannunsa. Ta tambayi wata tsohuwa a hankali. Tsohuwar ta dube ta kamar ta tambayi inda gabas take.

A rugagen nan mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kallon idonsa, ba ta kai masa kukanta. Kakarsa ake ba, ya tashi yana ce wa uwar Adda, kamar yayarsa ce. Don haka in ka karanta wannan, ka yi wa Jummai addu'a, ka haɗa da Ɗahiru, ɗan da ta haifa tana amaryar ƙuruciya, ta rayu ta mutu ba ta taɓa ambatar sunansa ba.