Takalman Ƙarfen Baba Ilu

Tun da masana suka gano abin da ke ba kowane abu nauyinsa, aka kafa injin rage nauyi a tashar motar garinmu. Don buhunan masara aka kawo shi, amma tsofaffi masu ciwon gwiwa suka fara shiga. Baba Ilu ya yi ta shiga, nauyin da ya tafi kuwa ba ya dawowa.

Wata la'asar hadari ya haɗo, 'yarsa Tabawa ta ja shi zuwa maƙera, tana riƙe da hannunsa gam, tana ta duban sama.

"Sarkin maƙera, an gama takalman ƙarfen Baba?"

"Sai gobe, Hajiya. Tsofaffin unguwa duk layi suke."

"Gobe? Kana ganin iskar nan kuwa?"

Baba Ilu ya yi dariya. "Kin cika tsoro, Tabawa. Da a zaune nake sallah, yanzu ina sujada kamar saurayi."

"Baba, jiya da ka yi atishawa sai da ka bugi bango."

Suna hanyar gida iska ta taso. Babbar rigarsa ta kumbura, ƙafafunsa suka bar ƙasa, dariyar ta ɗauke. Tabawa ta fizgo shi, ta goya shi a baya, ta ɗaure da mayafinta tamau, ta sa gudu.

Can ta tsaya cik, ta shafa bayanta.

"Baba, yi ta magana," ta ce, "don in san kana nan."