Abin da Ke Ƙarƙashin Jar Riga

"Ku karya shi!" mijina ya daka wa mai shirin rediyo tsawa ta waya. "Ranar Asabar kada yaran jami'armu su bar ɗan ƙwallon nan na abokan karawarmu ya fita da ƙafafunsa! Shekara biyu yana sanye da jar rigarmu, ya wayi gari cikin riga mai ruwan goro ta abokan gaba!"

Ya kife wayar yana huci.

Na ce, "Ka gama, tsoho? Ga rigar da maci amanar ya aiko wa ubansa."

Ya harare ta. "Ko gawata ba za ta sa ba!"

Ranar wasa rana ta ƙwalle, yana ta zuba gumi, amma ya ƙi cire jar rigarsa. Ruwan goro na leƙowa ta wuyansa.