Tatsuniyar Rana a Gindin Tsamiya

A shekarar yunwar da ake kira Kakalaba, matan ƙauyen nan na yamma da Ɗanzomo kullum daji suke wuni. Tun hantsi Larai za ta ɗauki ƙwarya ta bi sahun 'yan uwanta mata, su tone gidan tururuwa ko za a samu ƙwayar da ta ɓoye, su tsinko duk ganyen da akuya ta bari. Maza kuwa suna gida a zaune, don gonar da za a je babu ita.

Larai 'ya ɗaya gare ta, Zinariya, mai shekara shida. Uku ta binne kafin ita. Saboda haka in ka ce ranta a jikin yarinyar nan yake, ba ka yi ƙarya ba.

A ƙarshen gari, daidai inda hanya ta miƙe zuwa zangon fatake, akwai bukkar wata tsohuwa, Adda Kyauta. Daga wajen Damagaram aure ya kawo ta, mijin ya rasu, ba ɗa ba dangi. Ita ce ta bi mata gida-gida tana cewa, "In za ku daji, ku kawo mini yaran." Sai ta tara su a gindin tsamiya ta yi ta zuba musu tatsuniya, tun hantsi har iyaye mata su dawo. Ba ta da ko loma da za ta ba su, amma wallahi in ta kama labarin Gizo da Ƙoƙi, yaro sai ya manta da cikinsa.

To, amma kowa ya san tatsuniya da rana ɓatar da mutum take yi, sai fa in an ɗaure Gizo, wato mai bayarwa ya ƙulle bakin zanensa kafin ya fara. Wannan ko yaron goye ya sani.

Ilu, ɗan gidan Ɗantsoho, shi ya fara ɓata. Ranar ma bai je tsamiya ba, ubansa ya ce jikinsa da zafi, ya zauna gida. Aka ce ai abin ya riga ya kama shi tun jiya. Aka bi daji, aka leƙa rijiyoyi, shiru. Bayan kwana biyu aka ji turmi na tashi a gidan Ɗantsoho, aka ce dangi ne suka kawo gudummawar jaje.

Uwar Hassana ta tsorata, ta hana 'yarta zuwa. Kwana huɗu tsakani, ranar da ayarin masu jakuna ya tashi daga zango, Hassana ma ta yi sama ko ƙasa. Su ma Allah ya kawo musu masu jaje, har hayaƙi ya tashi a madafarsu.

Larai ta daina barci. Mijinta Ubale, mutum ne mara yawan magana, amma kwana biyun nan ya matsa mata. "Tsohuwar nan ba ta ɗaure Gizo," in ji shi. "Ki hana yarinyar nan zuwa. Ina gida, me zai same ta?"

Ba ta yarda nan take ba. Sai da ta fasa zuwa daji rana guda, ta laɓe bayan dangar Adda tana leƙe. Ta ga tsohuwa ta bi kan yaran ɗaya bayan ɗaya tana taɓawa, bakinta na motsi, sannan ta zauna ta fara labari. Bakin zanenta kuwa a sake, ko ƙulli ɗaya babu! Ga wannan shafe-shafen kai kuma, na mene ne?

Washegari Larai ta ce ba zuwa tsamiya, Zinariya ta yi kuka har da birgima, wai jiya an tsaya daidai inda kura ta kama Gizo, tana so ta ji ƙarshe. Larai ta daka mata tsawa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zaunar da ita kusa da ubanta. Ta fita daji, amma zuciya ta ƙi kwanciya. Rana na tsaka ta juyo, ta nufi tsamiya a fusace, ta tsaya a kan tsohuwa a gaban yara.

"Adda, ki ji tsoron Allah! Yara biyu kika ɓatar, ƙulli ɗaya ya gagare ki?"

Adda Kyauta ba ta ko dubi zanenta ba. "Tun safe nake ƙirga kawuna, ɗaya babu. Ina Zinariya?"

"Tana inda ba za ki same ta ba. Tana wajen ubanta."

Tsohuwa ta dafa ƙasa ta miƙe. "Wayyo, 'yar nan! Duk yaron da ya wuni a gabana, da yamma uwarsa ta same shi. Ni baƙuwa ce, in na faɗi abin da nake gani yana wucewa ta hanyar nan, wa zai yarda? Tun hantsi ayari ya tashi. Yi gudu!"

Larai ta jefar da ƙwarya. Ba ta san da ƙafa ta zo gida ba ko da me. Tsakar gida wayam, sai ɗan zanen yarinyar a kan igiya. Ubale na zaune a bakin rumbun da ya yi wata biyar ba ƙwaya, kansa a sunkuye, ga taiki guda na gero jingine a gefensa.

Bai ɗago ba ya ce, "Fataken sun yi mini alkawari za su riƙa ba ta abinci. Ɗora tukunya."