Kaset Ɗin Isyaku na Farko

"Ni na gina kaina," in ji Isyaku mawaƙi a rediyo, a makon da soja suka miƙa mulki. "Kaset ɗina na farko kwana uku ya ƙare a Tarauni. Innata kuwa ko sunana ba ta faɗa, bare ta ji waƙata."

Ɗan fari ne, kunyarsa take ji.

Da ya gina mata gida a Darmanawa, ya zo Gyadi-Gyadi kwashe kaya. Ana ɗaga gadonta sai ga kwalaye cike da kaset ɗin nan, ko ledarsu ba a ɓare ba.

Ya kasa ɗago kai.

Inna ta kau da fuska ta ce wa ƙanwarsa, "Ce wa yaron nan ya bar min kayana. Ba mai saye a lokacin, na ga zai karaya."