Katifar Haulatu

Haulatu ta naɗe katifarta ta cusa ƙarƙashin gado kafin matiron, mai kula da ɗakunan ɗalibai, ta fara zagayen safe. Haka take yi tun da aka buɗe jami'a. Sai da aka gama rabon gadaje ta iso Daura daga Mashi, 'yan ɗakin suka ji tausayinta suka bar ta tana raɓewa a ƙasa, tsakanin bokitai da risho. Duk ranar da ɗayarsu ta gaji da ita, to sai haya a cikin gari. Babanta kuwa ya riga ya rantse: ko ta zauna a cikin makaranta, ko ta tattaro ta dawo gida.

To amma Haulatu Allah Ya yi ta da ido, Ya kuma ƙara mata da baki. Ba a daɗe ba ta gano akwai wata a ƙasa tsakanin mutum biyu a ɗakin.

Ta farko Anti Ikilima, babbar mace, malamar firamare daga Mai'adua da ta dawo neman digiri. Kowa nata ne. Ta yi wa wannan kitso, ta tsokani waccan, ta tashi kowa sallar asuba da sunansa. Ta biyu Mardiyya, wata siririya marar hayaniya da ta tashi a hannun kakarta a garin Babban Mutum, ita ke kwana a gadon da ke saman na Anti.

Kowa Anti na kiran sunansa, ban da Mardiyya. Sai dai ka ji ta ce, “A ce wa waccan ta kwashe shanyarta.” In yarinyar ta durƙusa gaishe ta, amsawar ciki-ciki ce, ido na kallon bango. In an zuba abinci a faranti ɗaya Mardiyya ta sa hannu, Anti ta tsame nata. In ta yi girki kuwa, sai ta ture sauran gefe ta ce, “Ga wannan, in da mai so.” Mardiyya ta ɗauka sum-sum ta cinye. Haulatu ta ce a ranta, kai, wulaƙanci har da ba da saura! Abin da ya ɗan ba ta haushi shi ne naman kullum a cikin sauran yake.

Lissafin mai sauƙi ne. Wuta dai tana nan, fifita kawai take jira. In ta kama, ɗaya za ta nemi canjin ɗaki, gado ya faɗo hannun mai rabo.

Ta fara da ƙanana. Ta ɓoye silifas ɗin Anti a bayan akwatin Mardiyya. Anti ta gani, ta ɗauka, ta saka abinta. Haulatu ta juye ruwan da Anti ta sha layin famfo ta ɗebo, ta ce ai Mardiyya ce ta yi wanki da shi. Washegari kafin kowa ya motsa Mardiyya ta cika duk bokitan Anti. Tsoro ne, in ji Haulatu. Saura ƙiris.

Ranar Alhamis ta samu Anti ita kaɗai tana yanka alayyahu. Ta zauna, ta marairaice murya.

“Anti, wallahi haƙurinki ya yi yawa. Yarinyar nan ba ta da tarbiyya ko ta sisin kwabo. Ni ba na ganin laifinta ma, laifin uwarta ne. Ko wace ce ta haife ta, haihuwar kawai ta iya.”

Wuƙar ta tsaya. Anti ta ɗago ta dube ta, kamar za ta yi magana, sai ta sunkuya ta ci gaba da yankanta. Haulatu ta fita tana murmushi. Ta taɓa inda ke ciwo.

Da la'asar ta tare Mardiyya a bakin famfo.

“Ke kam kina da zuciya kuwa? Tsohuwa ta baro gidan miji ta zo tana goga kafaɗa da yara, ta mai da ke baiwa. Ni na ji an ce ko ɓari ba ta taɓa yi ba, shi ya sa ta tsani 'ya'yan mutane. Ki je wurin matiron ki nemi wani ɗakin mana!”

Idon Mardiyya ya kaɗa ya yi ja. Ta sauke bokitin a hankali ta ce, “Zan je.”

Ranar Juma'a Haulatu ba ta ji ko kalma ɗaya a lacca ba, tana ta tunanin zanen gadon da za ta shimfiɗa. Ana tashi ta nufo ɗaki har da ɗan gudunta. Tun daga nesa ta hango kaya a bakin ƙofa, matiron na tsaye a kansu. Daɗi ya kama ta, saura kaɗan ta rangaɗa guɗa.

Sai da ta matso ta ga katifar. Tata ce, an ɗaure ta tamau da igiyar shanya. Ga jakarta, ga bokitinta, ga risho.

“Anti!” ta ƙwala kira. “Anti, ki fito ki ga abin da maƙiyiyarki ta yi min!”

Anti Ikilima na zaune a bakin gado, ta juya fuska ga bango. Mardiyya ce ta fito ta tsaya a ƙofa.

“Kar ki wahalar da ita,” ta ce. “Ko yanka ni kike yi ba za ta shigar min a gaban mutane ba, kunya ba za ta bar ta ba. Amma ni babu kunyar da ta hana ni shigar wa uwata. Ni ce 'yarta ta fari.”