Daidai Ne, Mudasiru

Mudasiru ya kashe babur a bayan rumfar doyar mahaifiyar Fadilatu, ya kasa ɗaga ido. Daga Tamale yake, inda ya rubuta jarrabawar satifiket ɗin aikin kwamfuta. Babanta ya ce sai ya ci ta kafin a karɓi goron aurensu.

"Na faɗi," ya ce. "Ki yafe mini. Kullum kina karanta mini tambayoyin gwaji a wayarki, ina amsawa daidai. Da na shiga ɗakin, ban san abin da ya same ni ba."

Fadilatu ta riƙa murɗa bakin mayafinta.

"Ba abin da ya same ka," ta ce a hankali. "Ba daidai kake amsawa ba."

Sai a lokacin ya dube ta.

"Ranar da na fara ce maka ka yi kuskure, na ga yadda fuskarka ta canza, na kasa jurewa. Daga nan ko ka kauce, sai in ce daidai ne, in wuce. Ni na tura ka Tamale ba ka shirya ba."

Ya daɗe yana kallon hawayenta, sannan ya zauna a benci.

"Zan roƙi Baba ya jira ni in sake. Ciro wayar."

Ta ciro wayar, ta karanta tambaya. Ya amsa. Ta dubi wayar, ta dube shi.

"Ba daidai ba ne," ta ce.

"Madalla," ya ce. "Sake karanto mini."