Idanun Takardun Maliki

Da taɓarya Huseina ta fasa kwaɗon, ranar da zazzaɓin 'yarta Zamzam ya dawo. Ba ta nemi izinin kowa ba. Mai ɗakin, mijinta Maliki, yana can Rusairis yana dakon dutse wurin ginin madatsar ruwa, ba a sa ransa sai bayan cirar auduga.

Ɗakin nan shi ne abin faɗansu tun tana amarya. Mazan kirki in sun je birnin Madani da sukari suke dawowa. Maliki kuwa sai ya dawo da takarda a nannaɗe a hammata, baki har kunne. Takardun tallan silima ne, waɗanda ake ɓamɓarewa daga bango in fim ya gama yayinsa. Da na Masar, da na Indiya, da na Turawa masu bindiga a kan doki. Rubutun mafi yawansu bai iya karantawa ba, amma zai gaya maka wane hannu ya zana wanne, daga yadda aka yi inuwar ƙarƙashin ido. Wai so yake jikokinsa su ga irin shigar da duniya take yi a zamaninsa.

Ya gina musu ɗaki mai rufin da ya fi na matarsa, ya sa kwaɗo. Ranar da Zamzam ta rarrafa ta bi shi ciki, tsawar da ya daka mata sai da maƙwabta suka leƙo. In ya fito kuwa, sai ya dirje hannu da toka kafin ya taɓa tuwo. Huseina ba ta taɓa yafe masa tsawar nan ba.

Amma tana da ido. Ƙauyen a bakin babbar hanyar ruwan gonakin auduga yake, zazzaɓin sauro ya riga ya kai mata 'ya'ya biyu kushewa, Zamzam kaɗai ta rage. Ta kuma lura, duk sanda ta kai wa Maliki shayi bakin ƙofa, sauro ba ya shiga ɗakin nan. Don haka ta ja gadon igiya ciki, ta kwantar da yarinyar a ƙarƙashin hoton wata Baindiya mai jan mayafi.

Zazzaɓi ya sauka. Huseina har ta fara dariya. Sai hannun Zamzam ya soma rawa, yawu yana dalala, gumi kamar an yi mata wanka. Mai ba da magani a garin Hajj Abdalla ya ce ragowar zazzaɓi ne, ya ba da ƙwayoyi. An sha, babu abin da ya sake.

Iya, uwar Maliki, ta tsaya a bakin ɗakin ta ƙi shiga.

"Wanga ciwo ido na, ya Huseina," in ji ta. "Garin ga gara ta ci allo, ta ci ƙyauren masallaci, amma ba ta taɓa takardun ga ba. Ko tsaka ba ta shiga. Abin da dabba ka gudu, nan kika kai ɗiya ta kwana suna kallon ta?"

Aka fito da yarinyar. Kwana kaɗan rawar hannun ta ragu, har ta nemi kunu. Daga nan Huseina ba ta sake musu da Iya ba.

Saura a kori abin gaba ɗaya. Maganin ido sananne ne: a samo zare daga tufar wanda ya yi kallon, a ƙona, majinyaci ya shaƙi hayaƙin. To waɗannan masu kallon ba su da tufar da za a zara. Iya ta ce a yanko idanun kansu.

Huseina ta shiga da reza. Gaskiya ta ji daɗin aikin. Ta fara da Baindiyar, ta bi ta kan wani Bamisire mai gashin baki. Da magariba aka zuba idanun a kaskon garwashi, aka lulluɓe kan Zamzam da bargo. Yarinya ta yi tari, ta yi amai, tana harbin iska.

"Fita shikai," in ji Iya. "Riƙe ta da kyau."

Huseina ta riƙe. Tsoro ya cika ta, amma ta riƙe, don ita uwa ce kuma wannan ce ta ƙarshe. Washegari jiki ya ƙara rikicewa, sai aka ce abin ya yi taurin kai, aka ƙara idanu. Daga huɗu aka kai cikin tafi. A magaribar ƙarshe Zamzam ta ce daga cikin bargon, "Inna, ɗaci." Da aka yaye, ba ta sake cewa komai ba.

Da aka aika masa, Maliki ya iso a bayan motar kaya, an riga an rufe Zamzam. Iya ta gaya masa ido ne, ba ta ƙara ko kalma ba. Ya ga kwaɗo a fashe, ya ga fuskoki duk ramuka, ya ɗauka haukan rashi ne ya sa matarsa ta huce a kansu, bai tambaye ta ba. Sannan ya ɗaura rawani a hanci, ya shiga ɓamɓaro su da hannunsa, yana tarawa a bayan gida.

"Wa zan bar ma su?" Abin da ya ce ke nan.

A karo na farko Huseina ta ji tausayinsa. Ta ɗebo garwashi ta kawo masa, ta tsaya kusa da shi. Wuta ta kama, hayaƙi ya taso da warin da ta sani sarai. Maliki ya sa hannu ya tura ta baya a hankali.

"Matsa, ya Huseina, kar iska ta kawo miki. Da maganin tsutsar auduga, wanda jirgi ka fesawa, na shafe su saboda gara. Hayaƙin ga ko bijimi ya shaƙa ba shi kai gobe."